Hutun haihuwa ya ƙare: kayan da suka cancanci kuɗin uwa mai fita aiki

Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta yanka wa mace na hutun haihuwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya nasu ya ɗara haka, jihohi irin su Kaduna da Legas kuma sun kai nasu wata shida. Amma malamar makarantar kuɗi, da ma'aikaciyar banki, da nas a asibiti mai zaman kansa, galibinsu jariri bai gama cika wata uku ba ake neman su a bakin aiki. Mai shago kuwa babu mai ba ta hutu, ana yin arba'in take fita. Ga likitoci sun ce nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. A tsakanin wata ukun nan da wata shidan nan masu sayar da kayan jarirai ke cin kasuwarsu, don uwa mai fargaba ba ta cika taya kaya ba.

Mafi yawan abin da ake tallatawa a Instagram an ƙera shi ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, ɗakinsa kuma ba ya zafi. Mu a nan, watan Afrilu na kamawa Kano da Sakkwato da Maiduguri sai su haura digiri 40. Saboda haka abu uku ake tambayar kowane kaya kafin a zaro kuɗi: zai jure zafi, zai yi aiki ba wuta, kuma wadda za a bar wa yaron, kakarsa ce ko mai raino, za ta iya sarrafa shi ba tare da an tsaya a kanta ba? Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin ukun nan, ado ne.

Abin tatsar nono

In kuɗin abu ɗaya gare ki, nan za ki sa shi. Iri huɗu ne a kasuwa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba ko da mai shago ya ce miki duk ɗaya ne.

Akwai na roba mai laushi wanda ba shi da wani haɗi, irin na Haakaa da masu kwaikwayonsa. Ana matsa shi a manna a nono ɗaya yayin da yaro ke shan ɗayan, sai ya tare ruwan da da zai tsiyaye a zane. Yana da araha, wankinsa babu wuya, kuma ya dace da tara ɗan abin ajiya kafin a koma aiki. Amma ba ya zuƙo nono da kansa yadda zai sauke shi gaba ɗaya, don haka kada ki dogara da shi a ofis. Yaro kuma in ya fara harbi da ƙafa, bugu ɗaya zai ɓarar miki da shi.

Na hannu mai mariƙi, kamar Medela Harmony ko na Philips Avent, shi ne wanda aka fi rainawa alhali ya fi dacewa da mata da yawa. Ba ya son wuta, ba ya ƙara, yana shiga jakar hannu. Aibinsa nono ɗaya yake yi a lokaci guda, minti 15 zuwa 20 kowanne, hannu kuma na gajiya. Malamar da ke tashi ƙarfe biyu, wadda sau ɗaya za ta tatsa a makaranta, wannan ya ishe ta.

Wadda ke wuni daga takwas zuwa huɗu ko biyar, na lantarki mai tatsar nono biyu a tare take bukata, kuma lallai mai batir. Kamfanin Spectra na da biyu masu kama da juna: S1 mai ruwan shuɗi yana da batir a ciki da ke ɗaukar kusan awa uku na aiki, S2 mai ruwan hoda kuwa sai an jona shi a bango. Ƙarfin injinsu kusan ɗaya ne, S2 ya fi sauƙin kuɗi, shi ya sa mata da yawa ke ɗaukar sa, sai ranar da aka ɗauke wuta nono ya cika su gane inda aka yi musu ragin. Irin waɗannan injina salo biyu gare su. Na farko sauri-sauri ne mara ƙarfi, kwatankwacin yadda jariri ke fara tsotso. A bar shi a kai kamar minti biyu har ruwa ya kawo, sannan a koma na biyu mai ja a hankali. Ƙure ƙarfin ja ba ya ƙara yawan nono. Zafi ma hana shi zubowa yake yi. Ki ɗaga har inda kika fara jin ba daɗi, ki rage mataki ɗaya, ki tsaya a nan.

Na huɗu shi ne wanda yanzu ake yayi, wanda ake cusawa cikin rigar nono ba waya ba tiyo, irin na Momcozy. A ƙarƙashin hijabi ko abaya babu mai sanin kina tatsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga nas mai zagayen marasa lafiya ko wadda ofishinsu ba shi da ɗakin keɓewa. Sai dai injinsa ƙarami ne, mata da yawa ba ya sauke musu nono sosai, in kuma nono bai sauka ba kullum jiki zai ɗauka an rage bukata ya rage samarwa. Sunkuyawa da shi kuma ɓari ne. Kada ki tada salla yana jikinki. A matsayin na biyu yana da kyau. A matsayin shi kaɗai, musamman waɗanda ba su da sunan kamfani, waɗanda in robarsu ta lalace ba a samun canji, ba mu ba da shawara ba.

Yanzu ga abin da masu shago ba sa faɗa. Mazurarin da ke hawa kan nono yana da lamba, kuma yawancin injina da mai faɗin milimita 24 suke zuwa, wanda ya yi wa mata da yawa girma. Ki sa rula ki auna faɗin kan nonon daga gindinsa, ban da baƙin da ke kewaye da shi, ki ƙara milimita biyu ko uku: lambarki ke nan. In mazurari ya yi yawa, zai riƙa janyo baƙin fatar zuwa ciki, wurin ya kumbura, ruwa ya ragu. In ya yi kaɗan, kan nono zai riƙa gogar bango har ya tsage. Ana sayar da 'yan robobin da ake sakawa a ciki su rage faɗin zuwa 21, 19, 17 har ƙasa da haka, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa matar da ta ce “ba ni da ruwan nono, injin ma bai fitar da komai ba”, matsalarta lambar mazurari ce.

Abu na biyu da ke kashe ƙarfin inji shi ne 'yar robar nan ta ƙasan mazurari mai kama da bakin agwagwa. Da zarar bakinta ya daina haɗewa ruf, ko ya ɗan tsage, iska na shiga, ja ya mutu. Mai tatsa kullum ta canza ta duk wata biyu zuwa uku, kuma tun ranar sayen injin ta sayi guda huɗu ta ajiye, domin nemanta daga baya a kasuwa aiki ne. A duba tiyo ma: in kika ga raɓa a ciki, ki kunna injin ba mazurari na 'yan mintuna ya bushe; in baƙin fumfuna ya fito a ciki, yar da shi za a yi, ba ya wankuwa.

Na gwanjo fa? Akwai injinan da ke da faifan roba tsakanin mazurari da tiyo, wanda ke hana nono komawa cikin inji. Irin waɗannan ana iya sayen injin na hannu, a sayi duk abin da ke taɓa nono sabo. Wanda ba shi da wannan shamaki kada a saya, don abin da ya shiga cikinsa na wata ba ya fita. Sannan a juya kan cajar a karanta. In an rubuta 100 zuwa 240V, lafiya lau. In 120V kawai aka rubuta, na Amurka ne, wutarmu 230 ce, jonawar farko zai ƙone.

Lissafin abin da za a bari a gida ba shi da wuya. Jariri daga wata ɗaya zuwa shida yana shan kimanin mil 750 a yini da kwana, wato wajen mil 30 zuwa 40 a kowace awa. In za ki yi awa tara ba kya nan, mil 270 zuwa 360 ke nan, a raba gida uku ko huɗu. A wurin aiki a tatsa duk bayan awa uku. Dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini, haƙƙinki ne ba alfarma ba. A fara gwaji mako biyu ko uku kafin ranar komawa, sau ɗaya da safe bayan yaro ya sha, lokacin da nono ya fi yawa. In ofis ba shi da ruwa mai tsafta, ki riƙe mazurari saiti biyu, wanda aka yi amfani da shi a ƙulle a leda sai an dawo gida.

Kular sanyi da ƙanƙara

Ƙa'idar ajiyar nonon da aka tatsa ita ce: awa huɗu a ɗakin da bai wuce digiri 25 ba, kwana huɗu a firij, wata shida a firiza. Matsalar tana ga lambar farko. Ɗakin da ke digiri 25 da rana a Arewa sai da hunturu ko ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Da bazara kada ki lissafa awa huɗun nan; ana gama tatsa a kai shi cikin sanyi.

Shi ya sa ƙaramar kula mai kaurin bango da fakitin ƙanƙara biyu ko uku ba abin da za a yi wa ƙwauro ba ne. In ƙanƙarar na taɓa kwalaben, kuma ba a yawan buɗewa, nono na iya kai awa 24 a ciki. Jakunkunan kula na yadi masu siririn soso kyau kawai gare su. A cikin adaidaita sahu da rana tsaka ba sa kai la'asar. Gara ta roba mai tauri, ko da ba ta yi kama da jakar 'yan gayu ba. In babu fakitin ƙanƙara, fiya wata biyu da suka daskare sun wadatar, a saka su cikin wata leda don kada su jiƙa kwalabe in sun fara narkewa. A ofis a ajiye kular nesa da taga, kada kuma a bar ta cikin mota.

Wajen zubawa, kwalabe masu murfin murɗawa sun fi ledojin ajiyar nono riba ga mai tatsa yau a sha gobe, domin ledar sau ɗaya ake amfani da ita. Ledar tana da amfani ne in za a daskarar: a zuba mil 60 zuwa 120, a bar sarari kamar yatsa biyu a sama saboda ƙanƙara na kumbura, a fitar da iska, a rubuta kwanan wata, a kwantar da ita. Farar ledar ƙulla zoɓo da kunun aya ba ta wannan aikin ba ce. A firij kuma can ciki ake sakawa, ba a jikin ƙofa ba.

Hotunan firiza cike da nono da ake gani a intanet kada su ruɗe ki. In gidanki ba sola ko inbata, tara na wata guda caca ce. Firij in an ɗauke wuta awa huɗu kawai yake riƙe sanyi. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba takan kai kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya. Nonon da ya fara narkewa amma har yanzu da ɓurɓushin ƙanƙara a ciki ana iya sake daskarar da shi. Wanda ya narke gaba ɗaya, in da sauran sanyinsa, a shayar cikin awa 24, ba ya komawa firiza. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne na Litinin a sha Talata, na Juma'a a ajiye wa Litinin, da ɗan ragowar kwana biyu don ko-ta-kwana.

Na'urar ɗumama fida ba ta da wani aiki da kwanon ruwan ɗumi ba zai yi ba. A tsoma kwalbar minti kaɗan, a juya ta a hankali, a ɗiga a bayan hannu. Ba a ɗora nono a wuta. Abin da yaro ya sha ya rage, in ya wuce awa biyu a zubar. Kuma ki nuna wa mai raino da idonta cewa nonon da ya kwana yakan rabu, mai a sama ruwa a ƙasa. Wadda ba ta sani ba za ta ɗauka ya lalace ta tuttular da wahalar yini guda a makwarara.

Fida ko kofi

Ma'aikatan lafiya sun fi son ƙaramin kofi mara murfi, kuma suna da hujja: wankinsa sauƙi, ba shi da lungun da datti zai maƙale, ba ya sa yaro ƙin nono. Ana zaunar da jariri a cinya, a kafa bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓe, shi zai riƙa lasa da kansa. Ba ɗura ba ce. Kofi na son haƙuri, shi ya sa yake tafiya daidai a hannun kaka, amma a gidan rainon da mace ɗaya ke kula da yara shida da wuya a yi shi yadda ya kamata.

In fida za a yi amfani da ita, a sayi mai faɗin baki da buroshi zai shiga ko'ina, kan robarta kuma mai lamba ɗaya, mai zuba a hankali, ko da yaro ya yi wata biyar. Mai saurin zuba na sa ya saba da samu ba wahala, ya dawo yana fushi da nonon uwarsa. A riƙe fidar kusan a kwance, yaron a ɗan zaune, ana tsayawa yana hutawa. Abu biyu kada a yarda da su: ƙara huda kan fida da allura don kunu ya wuce, da tokare fida da matashi a bar yaro shi kaɗai. Duka biyun hanyar shaƙewa ce. Fida huɗu sun isa. Wadda ta fara dusashewa ko ta kakkarce a ciki ta gama aiki.

Na'urar turara fida mai aiki da lantarki ta faɗi jarrabawar wuta, ga shi ruwan burtsatse na tara mata farin ƙanzo a ƙasa. Tukunya guda da aka ware, a nutsar da komai a tafasa minti goma, ta yi aikinta. Aibin tafasa kawai yana saurin cinye kan roba. Hanya ta biyu ita ce Milton, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ruwa ko na ƙwaya: a haɗa da ruwan sanyi bisa ma'aunin da ke jikin kwalin, a nutsar minti 15, a canza ruwan duk awa 24. Amma dole a fara wankewa da sabulu da buroshi, don maganin ba ya ratsa maiƙon nono.

Inda likita ya sa a haɗa da madarar gwangwani, filas mai kyau ne jigon aikin. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, saboda haka ruwan haɗi kada ya gaza digiri 70. A tafasa, a cika filas taf, domin rabin filas saurin hucewa yake. Ruwa ake fara zubawa sannan gari, cokalin cikin gwangwanin a shafe bakinsa, bisa lissafin da aka rubuta a jiki. Sai a sanyaya kwalbar cikin ruwan sanyi. Ƙara ruwa don gwangwani ya yi auki yunwa ce ake ba yaro a kwalba. Gwajin filas kafin a dogara da shi: a cika da tafasasshen ruwa da safe, in bayan minti goma jikinsa na waje ya yi ɗumi, yana zubar da zafi, a mayar wa mai shi.

Goyo da tafiya

A nan kasuwa ba ta zo da abin da ya kayar da zane da majanyi ba. Goyon baya na buɗe cinyoyin yaro, gwiwa ta ɗan fi ɗuwawu tsayi, wanda shi ne zaman da likitocin ƙashi ke so. Jakunkunan goyo masu araha da yawa kuwa siririn wurin zama gare su, yaro na reto ƙafafu a miƙe, nauyinsa duk a kafaɗar uwa. In za a saya, a nemi mai faɗin mazauni daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, mai ɗamarar ƙugu, na yadi mai raga saboda gumi. Amfaninta na gaske shi ne goyon gaba a cikin abin hawa, inda ba a jingina da yaro a baya, da kuma cewa uba ma zai iya ɗauka. Ƙaramin jariri a gaba, fuskarsa a buɗe take zama, haɓarsa ba ta manne da ƙirji ba, kada kuma a lulluɓe shi ruf da hijabi mai kauri.

Mai tuƙa kanta zuwa aiki, kujerar mota ta jarirai wajibi ce gare ta, a kujerar baya, fuskar yaro na kallon baya. Ba a ɗaura ta a gaba inda jakar iska take. Ta gwanjo a duba kwanan ƙarewarta a jiki, don roba na tsufa, a kuma guji wadda ba a san ko ta taɓa haɗari ba. Ƙarfen maɗaurin na yin zafin da zai ƙona cinya in mota ta sha rana. A rufa masa tawul. Keken tura jariri kuwa, sai dai in unguwarku da kwalta har ƙofar gida.

Famfas

Tun da kamfanin P&G mai Pampers ya sanar a ƙarshen 2023 cewa ya daina ƙera kaya a Nijeriya, Kimberly-Clark mai Huggies shi ma ya bi sahu a 2024, Molfix da ake yi a jihar Ogun da ƙananan kamfanoni ne suka cika kantuna. Abin dubawa ba suna ba ne, nauyin yaro ne: lambar da ke jikin leda da kilo take tafiya, ba da watanni ba. Yawan yoyo ta cinya ko jan shaida a ƙugu alama ce ta a hau lamba ta gaba. Waɗanda ake sayarwa a buɗe ba leda ba sunan kamfani, an sha rana da ƙura da su, arhar ba ta kai kuɗin maganin ƙuraje ba.

Tsadar famfas ta sa ana barin yaro da guda har ta yi nauyi. A zafin nan duk awa uku zuwa huɗu ake canzawa, kashi kuwa nan take. Ki ƙirga wa mai raino guda huɗu na yini, ki ga ko sun ƙare. In biyu suka dawo, kin san abin da ya faru. Dabarar rage kuɗi ita ce famfas a wurin raino da dare, nafkin na yadi in kina gida. Ruwan buta da auduga sun fi tsumman goge-goge mai turare, a bar wannan don hanya. Man kaɗanya ko Vaseline na kare fata, mai sinadarin zinc irin Sudocrem na taimakawa in ja ya fara. Ƙurajen da suka shiga cikin lanƙwasar cinya suka yi ja sosai da 'yan ɗige-ɗige a gefe, suka ƙi tafiya bayan kwana uku, yawanci na fumfuna ne, na asibiti ne. Hoda a bar ta, shaƙarta na cutar da huhun jariri.

Fanka mai caji ta cancanci kuɗinta, tunda yaron da bai kai wata shida ba ba za a ba shi ruwa don zafi ba. Mai batirin litiyom ta fi sauƙin ɗauka da daɗewa. Mai tsohon batir mai nauyi in ana barin ta tana mutuwa murus kafin a yi caji, ba ta shekara. Kada a saita ta kai tsaye a fuskar yaro. 'Yar gidan sauron nan mai naɗewa tana da amfani a wurin raino, amma a cire matashin da ke zuwa da ita. Jariri a rigingine yake kwana, a shimfiɗa mai tauri, ba komai kusa da fuskarsa.

Bayan wata shida

Filas ɗin abinci ƙarami mai faɗin baki, na bakin ƙarfe, shi ne sayayyar wannan zango. A zuba masa tafasasshen ruwa minti biyar, a zubar, sannan a sa kunu da zafinsa. Na ci ɗaya ake zubawa, a ci kafin azahar. Abincin da ya huce ya zauna ɗumi-ɗumi shi ne gidan gudawa. Daga wata shida zuwa takwas ci biyu ko uku ne a yini, a fara da cokali biyu ko uku na cin abinci a kai rabin kofi mai mil 250. Daga wata tara ci uku ko huɗu.

Garin kwali na kanti yana da sauƙi, amma garin gida bai gaza shi ba in an haɗa daidai: awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a yar. A dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali; tsararon kunu cika ciki yake ba ƙoshi. Injin markaɗe na musamman don jarirai ɓarnar kuɗi ne, cokali mai yatsu da rariya sun isa murƙushe dankali, ƙwai, wake da kifi. Zuma kuwa sai yaro ya shekara.

A jakar da ke bin yaro kullum a sa ma'aunin zafi na dijital, na hammata, da gishirin ORS da ƙwayar zinc na gudawa. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa, ba kemis ba. Magungunan haƙori da ake ɗirka wa yara kada su shiga jakar. Tsakanin 2008 da 2009 wani mai suna My Pikin da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a ƙasar nan, fitowar haƙori kuma dama ba ta bukatar magani. A gaya wa mai raino ƙarara cewa ba a ba yaro komai don ya yi barci.

Keken koyon tafiya mai tayoyi ba ya koya wa yaro tafiya, kai shi yake wurin murhu, bokitin ruwa da matakala da saurin da babba ba zai cim masa ba. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Tabarma da ɗan shinge sun fi shi.

Kyamarar da ake kallon gida da ita ta waya tana son wuta da data ba yankewa, ɗaki ɗaya kawai take gani, kuma in aka kafa ta a ɓoye ranar da mai raino ta gano an gama zaman amana. Wadda za ta sa, ta sayi mai batir da gurbin layin waya, ta kuma faɗa wa mai rainon. Ga yawancin gidaje ƙaramar waya mai riƙe caji ta fi ta aiki: a sa mata kati, a adana lambar uwa, ta uba da ta maƙwabciya, a manna takarda a bangon kicin mai ɗauke da lokutan shan nono, yawan mil ɗin kowace kwalba, da sunan asibitin da katin yaron yake.